Dalton na Nan da Dalton na Tsallake

Harbour Lacey, Newfoundland
12 ga Oktoba, 1953

Zuwa ga Goggo Honora,

Gaisuwa mai tarin yawa daga surukar da ba ki taɓa gani ba sai a hoto. Ni ce Philomena, matar Ambrose, autan ƙaninki Malachy. Kowa Mena yake ce mini. Ina fata gwiwar da Ambrose ya ce tana damun ki ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ambrose yana Labrador wurin aikin filin jirgin sama, sai bazara zai dawo. Baba Malachy yana ɗan tari da safe, amma bai fasa ɗinkin raga ba, bai kuma fasa faɗa da kyanwa ba. Ni kuma, in Allah ya yarda, cikin watan Afrilu za a samu ƙaruwa a gidan.

Goggo, kada ki yi mini dariya. Ni mai son ƙananan littattafan soyayyar nan ce da jirgin wasiƙa yake kawowa, waɗanda sai sun zaga gidaje biyar kafin su iso hannuna, bangonsu duk ya cire. A bayan ɗaya daga ciki na ga tallar wani mutum a Toronto mai aiko wa mutane tarihin sunan gidansu. Na rubuta masa. Ya aiko mini da takarda mai kauri, da hoton garkuwa, da zaki a tsaye a jikinta. Takardar ta ce sunan Dalton daga Ingila ya faro, sunan ƙauye ne a cikin kwari. Wasu masu sunan suka bi mayaƙa zuwa Ailan shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suka zauna, suka auri 'yan ƙasar har suka zama su. Daga baya yunwa da neman kifi suka watsa su Amurka da Ostareliya da nan gaɓarmu.

Na karanta wa Baba yana zaune bakin murhu. Ya cire lofe daga bakinsa.

"Ingila? Ke 'yar littafi, wa ya ce miki Ingila?"

Na ce, "Takarda ce, Baba. Har da zaki."

Ya ce, "To zakin ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Mu Dalton ɗin Ailan ne, Katolika tun farkon duniya. Masu Ingila ga su can tsallake, suna kashe wa Allah kunne da waƙa kowace Lahadi."

Kin san ni ba 'yar garin nan ba ce, daga Placentia aka kawo ni bara. Har yau abin yana ɗaure mini kai. Daga tagar kicin ina hango gidajen tsallaken ruwa, da cocinsu na Angilika, da shanyar matansu. Rabinsu Dalton ne, mu ma Dalton. Kifi ɗaya ake kamawa, a gaisa daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale, amma in na tambaya sai a ce mini ba mu haɗa komai ba, suna ne ya zo ɗaya.

Ke ce babba a gidan yanzu. Daga wane gari na Ailan kakanninmu suka taso? Akwai gidan dutse mai hasumiya da aka ƙwace musu? In na rufe ido ina ganin sa, ganye ya lulluɓe bango, da wata mace a taga. Ina so in abin da ke cikina ya girma ya tambaye ni, in sami abin gaya masa. Baba ba ya maganar mahaifinku ko kaɗan, ko sunansa ban sani ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Mena

*

Boston
9 ga Nuwamba, 1953

Mena 'yata,

Wasiƙarki ta same ni, na gode. Rubutunki yana da kyau, ya fi na mijinki da yake kamar kaza ta bi takarda. Gwiwa tana nan, shekara tamanin da shida ba ta barin mutum haka nan. Na yi murna da labarin ciki. Na sa 'yan riguna da safa a cikin ƙunshi, zai biyo baya. Ki ce wa Malachy ya rage taba, ko da yake tun yana da wando guntu ba ya jin maganata.

Hasumiya! Ke yarinya, mutumin Toronto ya sayar miki da zaki, haka zai sayar wa kowa. Kakanninki gishiri suke zuba wa kifi har hannu ya tsage. In akwai mace a taga, to wanke tagar take yi, kamar yadda na yi shekara hamsin a gidajen mutanen garin nan.

Suna kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A littafin lambobin waya na Boston Dalton sun cika shafi da shafi. Akwai likita, akwai mai tuƙa motar haya, akwai wani da aka ɗaure kan satar taya. Babu wanda ya taɓa tambayar wani daga ina kakansa ya fito, kuma duk suna barci lafiya.

In labarin asali kike so, ai ga Esau Dalton can tsallake, mai makullin cocinsu, masanin duniya. Je ki tambaye shi mana, in ya buɗe baki ki zo ki ba ni labari! Ki kama ɗinkin kayan jariri, ki bar Malachy ya sha lofensa.

Allah ya sauke ki lafiya.
Goggonki,
Honora

*

Harbour Lacey
6 ga Disamba, 1953

Goggo Honora abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da sanyin da ya fara. Ƙunshi ya iso, safar nan mai ruwan ƙwai har kuka ta sa ni. Ina lafiya, abin yana motsi sosai. Tarin Baba ya ɗan ƙaru, yanzu yakan kwanta bayan abincin rana.

Goggo, na bi shawararki, kuma ya buɗe baki!

Ranar Talata ma'aikaciyar jinya za ta ƙetara duba wata mai jego, na ce ta ɗauke ni a kwale-kwalenta. Ban gaya wa Baba ba. Na samu Malam Esau a rumfarsa yana feƙe katako, don shi ne kafintan gari. Dogon tsoho ne, kunnensa ɗaya ba ya ji. Da na faɗi ko ni wace ce, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Matar ɗan Malachy. Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Goggo Honora, daga Boston."

"Honora ce ta ce ki zo wurina? Ita da bakinta?"

Na ce da alƙalaminta ma. Sai ya ajiye abin aikinsa, ya goge hannu, ya ce, "To in Honora ta ce lokaci ya yi, ni wane ne." Ya kai ni coci, ya buɗe wani akwati, ya fito da littafin baftisma mai warin gishiri. Ya sa yatsa a kan layi. Na karanta da idona: Malachy, ɗan Josiah Dalton da matarsa Bridget, watan Agusta, 1875.

Ya ce, "Josiah ƙanin mahaifina ne. Ya ga Bridget tana shanya kifi a ɓangarenku, shi ke nan. Ubansa ya ce in ya ƙetara kada ya dawo. Ya ƙetara."

Goggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba? Wannan ai ya fi hasumiya! Mahaifinku ya bar uwa da uba da coci saboda mace. Duk littattafan da na karanta babu mai kamar wannan, kuma a gidanmu ya faru, a ruwan da nake kallo kullum. Ashe takardar ba ta yi ƙarya ba, Ingila da Ailan duka suna cikin jininmu, a nan Harbour Lacey suka sake haɗuwa. A hanyar dawowa ban ji sanyi ba sam.

Ranar Alhamis muna da zaman saƙar darduma a gidan Bride Tobin, mu tara. Na kasa riƙewa. Na ba su labarin tun daga kifin da take shanyawa har littafin da na gani. Na ɗauka za su yi ta shewa. Amma sai tsofaffin suka sunkuyar da kai kan saƙarsu. Bride ta ce, "Wa zai ƙara shayi?" alhali kofunan kowa a cike suke. Agatha Lundrigan, mai yi wa Fada, limamin cocinmu, girki, ita kaɗai ta tambaye ni, "A littafin wane coci kika ce kin gani?" Na sake gaya mata.

Da za mu fita Bride ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa, ta ce, "Allah ya shirye ki, 'yar nan." Ban gane ba. Wataƙila kishi ne, don su gidajensu babu irin wannan labari. Ban gaya wa Baba ba tukuna, ina jiran ranar da yake cikin walwala.

Taki har kullum,
Mena

*

Harbour Lacey
10 ga Janairu, 1954

Goggo,

Ina gaishe ki. Ban san ko wasiƙata ta Disamba ta same ki ba. Ƙanƙara ta rufe bakin ruwa tun kafin Kirsimeti, jirgin wasiƙa ya juya sau biyu. Wannan zan ba masu keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, da za su bi ta tudu gobe. Ni lafiyata ƙalau. Baba ne ba lafiya, ciwon ya sauka ƙirji, ma'aikaciyar jinya ta ce mu yi ta addu'a.

Goggo, na yi ɓarna.

Fada Lannon ya zo gidan nan mako guda bayan zaman dardumar. Yaro ne, shekararsa biyu a garin, daga birni aka turo shi. Ya ce ya duba littafin cocinmu shafi-shafi, tun daga na farko, babu sunan Malachy Dalton a cikin waɗanda aka yi wa baftisma. Akwai naki. Babu nasa. Ya zauna bakin gado, ya yi magana a hankali, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Baba Malachy, abu ne mai sauƙi. Ruwa kaɗan, kalmomi kaɗan, ka faɗi cewa ka shigo. Ko minti biyar ba za a yi ba."

Baba ya ce, "In shigo ina?"

"Cikin Ikilisiya."

"To ina nake shekara saba'in da takwas? A bakin ƙofa?"

Fada ya ce ba haka yake nufi ba, ƙa'ida ce kawai. Baba ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana uku bai iya ba.

Ya ce, "Yaro, katakon da kake tsayawa a kai kana wa'azi, a kafaɗata na ɗauko shi daga daji, ubanka ma ba a haife shi ba. A cocin nan aka ɗaura mini aure da Johanna. A nan na kai 'ya'ya bakwai baftisma, na binne uku. Uwata ta ce mini ni Katolika ne. Yau kana so in buɗe baki in ce ta yi ƙarya, in miƙa kai kamar jariri a gaban Agatha Lundrigan? Ɗauki ruwanka."

Fada ya fito kicin, fuskarsa ta yi ja. Ya ce mini tun da maganar ta fito fili kowa ya ji, hannunsa a ɗaure yake. In Baba bai yarda ba, ba zai shafa masa man tsarki ba, kuma ba zai iya sa shi a cikin makabarta ba. Sai bayan shinge, inda ake sa jariran da ba su samu baftisma ba da baƙin da teku ta kawo. Goggo, kin san Inna Johanna tana ciki, kuma shekara goma sha biyu ke nan Baba yana cire ciyawa a wurin da ya bar wa kansa a gefenta.

Na durƙusa na roƙi Fada. Na ce ni ce na ƙirƙira, daga littafi na karanto. Ya ce, "Mena, na ƙetara na gani da idona."

Tun ranar Baba bai ce mini uffan ba. In na shiga da miya sai ya juya fuska bango. Bride Tobin ce take zuwa ta ba shi. Ita ce ta gaya mini abin da ya fi ci mini rai. Ta ce, "Ke kina tsammani ba mu sani ba? Uwata ta sani, kakata ta sani, Fada huɗu da suka wuce duk sun sani. Kowa ya riƙe bakinsa shekara tamanin, har aka manta cewa riƙewa ake yi. Ke kika zo kika mai da shi tatsuniya."

Ambrose ya bugo tangaraho. Kalma huɗu: "Mena me kika yi." Babu gaisuwa.

Na tattara littattafan nan na zuba su a akwati, ko ganin su ba na son yi. Amma Goggo, ke ce kika ce in je wurin Esau. Na karanta layin ya fi sau ashirin. Ke ce kika ce. Don Allah ki rubuto wa Baba, ki ce ya yarda da ruwan Fada. Maganarki kaɗai ta rage.

Mena

*

Boston
29 ga Janairu, 1954

Mena,

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, ta farin ciki a sama, ta kuka a ƙasa. Ina nan da rai, tun da sai an faɗa.

Ke wace irin yarinya ce? In na ce miki je ki faɗa teku, sai ki je? Gatse na yi miki! Duk wanda ya tashi a Harbour Lacey ya san in an ce "je ki tambayi Esau", ana nufin ki rufe bakinki. Na manta ke baƙuwa ce, na kuma manta takarda ba ta ɗaukar murya. Wannan kason nawa ne, zan amsa shi gaban Allah. Amma zaman dardumar naki ne.

Ba zan ce wa Malachy ya miƙa kai ba. Ba ya buƙatar ruwan kowa. Saurara, ki karanta masa wannan da ƙarfi, ko ya juya bango.

Babu wani daɗi a labarin da kika ga ya fi littafi. Mahaifinmu ya ƙetaro, gaskiya ne, amma bai taɓa shiga cocinmu ba, mutanenmu kuma ba su taɓa ba shi wuri a jirginsu ba. Shi kaɗai yake fita kamun kifi, abin da mai hankali ba ya yi. Teku ta ci shi a watan Yuni, Inna tana da cikin wata bakwai. Ina da shekara takwas.

Ranar da aka haifi Malachy, da hantsi ne, Fada yana can wani gari sai kaka zai zo. Yaron ya fito shuɗi, ba kuka. Inna tana zubar da jini, ungozoma ta miƙo mini shi a tsumma ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Wannan ba zai yi ba. Yi masa ruwa, kin san kalmomin." Na san su, kalmomin baftisma ne, an koya mana saboda irin wannan rana. Na ɗebi ruwa a bokiti da kofin shayin Inna mai tsagaggen baki. Rabi ya zube a ƙasa. Na zuba masa sau uku a goshi, na faɗi kalmomin duka, ban tsallake ko ɗaya ba, na kira shi Malachy don shi ne sunan da na ji Inna tana so. Sanyin ruwan ne ya sa ya tsala ihu. Bai daina surutu ba har yau.

Inna ta yi mako uku ba ta san inda take ba. A cikin makonnin nan kakarmu ta tsallake ta zo da kwale-kwale, ta ɗauke shi, ta kai cocinsu aka rubuta shi, ta dawo da shi da yamma. Abin da kika gani ke nan. Da Inna ta farfaɗo ta ji, sai ta sa ni na dafa littafin addu'arta na rantse ba zan ƙara ambatar mutanen tsallake ba, ko ranar haihuwar nan, har in mutu. Ta ji tsoron in aka tono za su zo su karɓe shi. Da Fada ya zo da kaka ta ce masa an riga an yi wa yaron ruwa a gida. Ya ce zai rubuta. Tsoho ne mai son kwalba, ga shi bai rubuta ba.

Jiya na sa aka kai ni wurin Fadan unguwarmu a kan kujera mai taya. Na karya rantsuwar shekara saba'in da takwas a gabansa. Ya rubuta, na sa hannu, ya buga hatimi. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Ki kai wa yaron Fadan naku, ki ce ya karanta a tsaye. Ruwan farko shi ne ruwa, ko shi ya san haka.

Ki ce wa Malachy yayarsa ta ce shi Katolika ne tun kafin ya yi numfashi na biyu, kuma ni na yi shi da hannuna.

Kada ki yi ta kuka, yana taɓa abin da ke ciki.

Honora

*

Harbour Lacey
7 ga Maris, 1954

Goggo Honora,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Na san Ambrose ya bugo miki tangaraho, amma ya kamata ki ji yadda aka yi daga bakin wanda yake wurin. Ni da abin da ke cikina muna lafiya.

Baba ya rasu ranar goma sha takwas ga Fabrairu, da azahar. Wasiƙarki ta iso ranar ashirin da bakwai. Guguwa ce ta tsare masu karnuka a hanya, jakar wasiƙa ta yi mako uku a wata bukka. Kwana tara, Goggo.

Mako guda kafin rasuwar, Esau ya tako ta kan ƙanƙara da sanda, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Bride ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ɗan tsallake a cikin gidan nan ba. Ya cire hula ya tsaya bakin gado.

Baba ya ce, "Ka zo auna ni ne?"

Esau ya ce, "Na san tsawonka tun tuni, ba ka ƙaru ba." Sannan ya ce, "Malachy, akwai wuri a wajenmu, kusa da dutsen da aka kafa wa Josiah. Ba mai tambayar ka komai. Ni na jawo, da na buɗe littafin."

Baba ya juyo ya dube shi. Sai ya ce, "Na gode, ɗan baffa. Amma ina da mata."

Ɗan baffa ya ce masa. Na ji da kunnena ina kicin.

Bayan ya tafi sai na ji an ce, "Ke 'yar littafi." Wata biyu ban ji wannan suna ba. Na shiga. Bai kalle ni ba, rufi yake kallo.

Ya ce, "Sa takalminki. Je makabarta, ki zaga bayan shinge, ki nemo inda ya fi kusa da Johanna. Ki ƙirgo mini taku."

Na je. Dusar ƙanƙara har gwiwa, ga ciki. Na gwada ta gabas, na gwada ta wajen dutse. Ta wajen itacen nan da iska ta tanƙwara ne ya fi kusa. Na dawo na ce masa taku goma sha ɗaya.

Ya ce, "Takunki ko nawa?"

Na ce nawa.

Ya ce, "To nawa takwas ne. Ba nisa. Ta saba jirana in dawo daga teku." Sannan ya ce in kawo miyar. Ya sha cokali uku daga hannuna. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Miyar ba gishiri." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ina riƙe da shi.

Fada ya zo sau biyu a makon, da ruwansa a aljihu. Na biyun har hawaye ya yi. Baba ya bar shi ya yi addu'a, amma bai miƙa kai ba.

Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, ba a iya haƙa ba, sai aka ajiye shi a rumfar kifi ana jiran sassauci. Akwatin gawar ma ba Esau ya yi ba. Da aka aika masa ya ce mutum ba ya buga wa jininsa ƙusa, a nemi wani. Mazan Tobin suka haɗa. A can rumfar yake lokacin da wasiƙarki ta zo.

Ban tsaya sa mayafi ba. Na sami Fada yana cin abinci, na ajiye masa takardar kusa da faranti. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tashi tsaye da kansa ban ce masa ba. Ya ce, "Ya Allah. Me ya sa ba wanda ya faɗa?" Agatha tana tsaye da tukunya, na ce, "Ai faɗar ce ta kawo mu nan." Ya ɗauko littafin coci, ya rubuta sunan Baba a gefen shafin 1875. A gurbin wanda ya yi baftisma ya sa: Honora Dalton, 'yar shekara takwas.

Kwana biyu maza suna hura wuta a gefen kabarin Inna Johanna, su haƙa taƙi ɗaya, su sake hurawa. An binne shi ranar Talata, a wurinsa. Ambrose ya samu jirgin sama ya iso da safen. Ya riƙe ni a bakin kabari don kada in zame, amma har yanzu maganarmu ba ta wuce ta itacen wuta da abinci ba. Mutanen tsallake su goma sha huɗu suka zo, suka tsaya a bayan shinge da hulunansu a hannu. Esau kaɗai ya shigo, ya tsaya cikin dangi, ba wanda ya ce masa komai.

Kafin a rufe akwatin na roƙa a bar ni da shi a rumfar. Na karanta masa wasiƙarki da ƙarfi, yadda kika ce, tun daga kofin shayi har ƙarshe.

Kowa yana ce mini abin ya ƙare lafiya, yana gefen matarsa. Amma Goggo, shi bai sani ba. Ya rufe ido yana ganin bayan shinge za a kai shi, ba man tsarki, kuma ni na yi masa haka, don ina son labari mai daɗi. Duk garin nan yanzu sun san inda yake kwance, ban da shi.

Ke kin fi kowa kusa da sanin wannan, shi ya sa nake tambayar ki. Wanda ya tafi yana sanin inda aka sa shi? Kada ki ba ni amsar Fada, na riga na ji ta. Taki nake so, ko da gatse ce. Wannan karon zan gane.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.
'Yarki,
Mena Dalton